Ruwan da Ya Biyo Ta Baya

Amina da Yusufu, wannan babin naku ne. Na san abin da kuke faɗa wa mutane in an tambaye ku dalilin tashinmu daga Manchester. Kuna cewa Turawa ne suka kori babanku daga aiki don shi baƙi ne. Ba haka aka yi ba. Na bar ku da wannan magana shekara da shekaru don ta fi gaskiyar daɗin ji, kuma a lokacin na gaji. Ga yadda aka yi.

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ina tuƙa bas ta wata cibiyar tsofaffi a Cheetham Hill. Ƙaramar bas ce fara, mai ƙarfen ɗaga keken guragu a baya. Da safe in bi gida-gida in kwaso su, da la'asar in mayar. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ban taɓa goga motar a jikin komai ba. Sai council, hukumar garin da ke biyan kuɗin cibiyar, ta fara yanka. Aka fara da abincin rana. Aka sallami matar da ke zuwa ran Laraba tana yanke musu farce. Aka rage kwanakin aikinmu daga biyar zuwa uku. Kowane wata a kira mu ofis, a ba mu shayi, a ce mu yi haƙuri. Abu ɗaya ne wuƙar ba ta taɓa ba, don ba council ke ɗaukar nauyinsa ba, wata ƙungiyar masu son tsuntsaye ce. Sau ɗaya a wata ina kai tsofaffin wata fadama a bakin teku, tafiyar sa'a ɗaya da rabi, su kalli tsuntsaye. Mai yi musu jagora wata Baturiya ce, Joan, tsohuwar malamar makaranta mai ciwon gwiwa. Ita kaɗai ke da takardar izinin shiga da mutane wurin. In babu ita, babu fita.

Kun san a ƙauyen da ke kusa da Nguru aka haife ni, kun san kakanku masunci ne kuma maharbi. Abin da ba ku sani ba shi ne ban iya karatu ba. Ban taɓa zama a aji ba. Wani likita ne ya zo da ni ƙasar nan ina yi masa tuƙi, na sami lasin tun zamanin da ba a rubuta jarrabawa. Ina gane lambobi. Allon hanya ina gane shi da siffarsa da launinsa. Sunana ina zana shi kamar yadda ake zana hoto. Duk wasiƙar da ta shigo gida mahaifiyarku ce ke karanta mini, bayan ta tura ƙofar kicin. Tabaraun nan da kullum nake cewa na manta a mota in kun kawo mini takardar makaranta, gilashin banza ne, a kasuwar Longsight na saya. Idona lafiya lau yake har yau.

Fitarmu ta farko da ta biyu ban sauka daga bas ba. Na ga abin wauta ne, mutum ya bar ɗumin ɗaki ya zo ya tsaya cikin iska yana leƙen abin da ba zai ci ba. A ta uku na fito don in yi sallar azahar a gefen mota. Da na sallame sai na duba, na ga wurin. Laka shimfiɗe har iyakar gani, ciyawa mai kama da kacalla, ƙoramu sun ratsa ta, agwagin ruwa da zalɓe da wasu farare irin balbela. Sai warin ya shiga hancina. Shekara talatin rabona da wannan wari. Na taka gadar katako na je inda suke tsaye da madubin hangen nesa. Na ga ƙananan tsuntsayen da ke cin laka sun daina ci, sun ɗaga kai gaba ɗaya. Na ce shaho na zuwa daga hagu. Joan ta duba ba ta ga komai ba. Can sai ga shi ya taso daga bayan ciyawa, ƙasa-ƙasa, wurin ya watse.

Ta sauke madubin ta dube ni. Hal take kirana, Haladu ya yi mata tsawo. "Hal, yaya aka yi ka sani?"

Na ce, "Su suka faɗa."

"Kana kallon tsuntsaye a ƙasarku?"

Na ce, "Muna ci."

Ta yi dariya har ta dafa katako. Daga ranar ba ta sake bari na zauna a mota ba.

Cikin tsofaffin akwai Alhaji Modu, mutumin Gashuwa, injiniya ne da ya yi ritaya. Ƙwaƙwalwarsa ta fara zuba. A mota ba ya magana, wani lokaci ma bai san ni ba. Amma da mun isa fadamar sai ya farfaɗo. Ya riƙa kiran tsuntsaye da sunayen gida, ko sun dace ko ba su dace ba. Ɗan fadama yake kirana.

"Ɗan fadama, waccan ba kirinjijiya ba ce?"

"'Yar uwarta ce, Alhaji."

"Ta rame. Ba su ba ta shinkafa a nan."

A gida kuwa lokacin kun san yadda ake ciki. Mahaifiyarku tana sharar asibiti, ta dawo ƙafafu a kumbure. Kawunku na Birmingham yana bugo waya duk mako yana cewa akwai aiki a sito inda yake, mu tattaro mu zo. Ke Amina kina shekarar ƙarshe kafin jami'a, kin ce in an tashi sai dai a bar ki a unguwarmu Rusholme ki kwana a tashar bas. Kai Yusufu ka shiga ƙungiyar ƙwallo, an fara kiran sunanka. Ba wanda ke son tafiya. Amma kwana uku na aiki ba ya riƙe gida, kowa ya sani, ba wanda ya faɗa a kan tebur.

Sai Joan ta kira ni gefe wata rana. Ta ce za a yi mata aiki a gwiwa, ba za ta iya doguwar tafiya ba. Ƙungiyar ta yarda ta ɗauki mataimaki, kwana biyu a mako, kuma ta ba da sunana. Kwana biyun da council ta yanke mini ke nan, sun dawo ta wata ƙofa. Ta miƙo mini takardu shafi huɗu, ta ce dokokin wurin ne, in karanta da kyau in sa hannu. Na ce na bar tabarau a mota. Ta ce in tafi da su gida.

Na kai wa mahaifiyarku ran Alhamis. Tana zaune ta sa ƙafa cikin ruwan ɗumi. Ta juya shafukan, ta ce, "Malam, rubutun ƙanana ne, kaina ciwo yake. Bari sai Lahadi in karanta maka duka, a tsanake."

Ban jira ba. Ran Juma'a na zana sunana a ƙasa na mayar. Na ce a raina, me takarda za ta gaya mini game da laka? A cikinta aka yanke mini cibi.

A nan ne kuskuren yake, ku karanta a hankali. A fadamarmu ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ya zo da damina, ya zauna, ya fara ja da baya kaɗan-kaɗan har ya tafi. In ya tafi ya tafi ke nan sai baɗi. Mutum na iya shimfiɗa tabarma a inda ya janye ya yi barci. Ni kuma sau ɗaya a wata nake zuwa wannan fadama ta Turawa. Da hunturu na ga ruwa har gindin gadar katako. Da bazara ta matso na gan shi can nesa, kamar zare. Sai na ɗauka raninsu ne ya shigo. Na sha jin ana cewa teku tana cika tana janyewa, amma na ɗauka maganar bakin gaɓa ce, taku biyar gaba, taku biyar baya. Ban san tana tafiyar mil biyu ta dawo sau biyu a yini ba. Ba wanda ya ɓoye mini. Yana cikin shafi na biyu.

Ranar da abin ya faru rana ta fito, iska kaɗan. Gwiwar Joan ta matsa mata, ta zauna da sauran tsofaffin a ɗakin katakon da ake leƙen tsuntsaye ta tagoginsa. Alhaji Modu ya ƙi zama. Ta ce, "Hal, bi da shi kan gada ya miƙe ƙafa. Ka duba allo tukuna." Akwai allo a bakin gadar inda ake liƙa takardar lokutan ruwa. Na tsaya gabansa, na ga lambobi jere-jere da rubutu a samansu, da wani layi ja a ƙasa. Na ɗauka lokutan buɗewa da rufewa ne. Na juyo na ɗaga mata hannu. Ta ɗaga mini.

Muka yi tafiya har ƙarshen gadar. Alhaji ya tsaya yana kallon lakar. Sai ya sunkuya yana kwance igiyar takalminsa.

"Alhaji, me za ka yi?"

"Shekara arba'in ƙafata na cikin takalmi, ɗan fadama. Ina so ta taɓa laka."

"Da sanyi."

"Kai ne za ka koya mini sanyi? Riƙe min hannu."

Na duba lakar. Na ga sawun tsuntsaye bai nutse ba, na ga launinta, na san za ta ɗauki mutum. A wannan ban yi kuskure ba. Na naɗe masa wando, na naɗe nawa, muka sauka. Muka tsallake wata 'yar ƙorama busasshiya da taku ɗaya. Fuskarsa ta koma ta yaro. Can gaba akwai garken tsuntsaye masu dogon baki suna ci. Ya ce in kai shi kusa. Na ce za su tashi. Ya ce ashe ba ɗan maharbi ba ne ni, ina burtuna? Burtu shi ne kan wani babban tsuntsu da maharbanmu ke ɗaurawa a goshi, su duƙa su riƙa tafiya suna sara ƙasa kamar suna kiwo, har su shiga tsakiyar garke ba a gane su ba. Ba ni da shi a nan, sai na lanƙwasa hannu a goshi na duƙa. Shi ma ya duƙa. Tsofaffi biyu muna sara iska, yana danne dariya. Taku uku mu tsaya, taku biyu mu tsaya. Dokar wannan tafiya ita ce ba a waiwaye, waiwaye ke tada garke. Haka mahaifina ya koya mini da bulala. Mun fi rabin sa'a ban juya kaina ba. Ashe Joan ta fito tana busa usur tun tuni, iska na kwashe ƙarar zuwa tudu.

Muka shiga har muna jin ƙarar bakinsu a laka. Sai suka tashi gaba ɗaya, ba shaho, ba komai. Na ji sanyi a dunduniya. Na duba ƙasa na ga ruwa, kuma daga baya yake zuwa, ba daga gaba ba. Na waiwaya. Ƙoramar da muka tsallake da taku ɗaya ta zama kogi, tana gudu zuwa tudu, abin da ban taɓa ganin ruwa ya yi ba.

Ban tsaya tunani ba. Na goya shi. Ba shi da nauyi, ƙashi ne da riga. Da na shiga ruwan ya kai gwiwa, taku kaɗan ya kai ƙugu, a tsakiya ya kai ƙirji. Sanyinsa kamar an soka mini ƙarfe. Laka ta riƙe ƙafata sau biyu, a na biyu muka nutse tare har kai, na taso da shi yana tari. Ya sa bakinsa a kunnena, muryarsa na rawa.

"Ɗan fadama, ruwan Haɗeja ya iso da wuri bana."

Na ce, "Ya iso, Alhaji. Riƙe wuyana."

Joan ce ta jawo mu kan gada, ta durƙusa a kan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Motar asibiti ta zo ta tafi da shi. Ni na tuƙa sauran gida da jiƙaƙƙun kaya har Cheetham Hill. Sanyi ya kama huhun Alhaji. Ya yi wata guda a asibiti, daga nan aka wuce da shi gidan kula da tsofaffi. Bai sake komawa ɗakinsa ba.

Aka sa ranar bincike. Kwana uku kafin ranar, ɗan Alhaji ya zo gidanmu. Likita ne, mutum mai natsuwa, ana girmama shi a masallaci. Ke Amina ke kika kawo masa ruwa, aka ce ki hau sama. Ya zauna bakin kujera bai cire kwat ba.

"Malam Haladu, ban zo faɗa ba. Na san kai ka fito da Baba. Amma matar nan ita ce ke da alhakin wurin. Ta zauna a ɗaki ta tura direba da mara lafiya. Abin da nake so ka faɗa musu kawai shi ne ba ta gaya maka komai game da ruwan ba."

Na ce, "Ta ce in duba allo."

"Wa ya ji?"

"Ni."

"Ka yi tunani, Malam. In ka faɗi haka, kai ne za ka tafi. In ka ce ba ta faɗa ba, aikinka na nan, mu kuma mun san inda za mu kai ƙara. Kai namu ne. Ita ba abin da za ta rasa, ta riga ta yi ritaya."

Na ce zan yi tunani. Ya tafi. Mahaifiyarku tana tsaye a ƙofar kicin, ta ji duka.

Sannan ta ce, "In ka ce ta faɗa, za su tambaye ka me ya sa ba ka bi allon ba."

"Za su tambaya."

"Me za ka ce?"

"Abin da yake."

"A gaban mutane? Shekara ashirin da biyu ina rufe maka ƙofar nan, Malam."

Na ce, "Na sani."

"Amina fa? Yusufu fa?"

Abin da na sani shi ne in na bi maganar likita za a karɓe takardar izinin Joan, fitar ta mutu. Mutum goma sha huɗu ne a bas ɗin nan, wasunsu ba sa ganin sama sai ranar. An ɗauke musu abinci, an ɗauke musu kwanaki, wannan kaɗai ya rage. Kuma matar ta faɗa. Ba wai ni mutumin kirki ba ne. Na yi ƙarya shekara talatin da tabarau, ta kusa cin ran mutum, ban ga yadda zan ɗora wata a kanta ba.

A ɗakin binciken mutum uku ne a bayan tebur, Joan a gefe da sandarta, likita a baya. Tun kafin a tambaye ni Joan ta ce laifinta ne, bai kamata ta bar mu mu kaɗai ba. Na ce a'a. Na ce ta ba ni takarda, na sa hannu ban san abin da ke ciki ba. Ta ce in duba allo, na tsaya gabansa na ɗaga mata hannu. Shugabar ta tambaye ni dalili. Na ce ban iya karatu ba. Ta ɗauka Turanci nake nufi, ta ce ai da an fassara mini. Na ce ko da Hausa ne. Joan ta dube ni, ta sa hannu ta rufe bakinta. Shekara biyu tana miƙo mini littafin tsuntsaye ina jinjina kai.

An bar mata izininta da gargaɗi. Ni na rasa aikin jagora da ban fara ba, na rasa na tuƙi, don a can ma akwai takardun da na yi shekaru ina sa wa hannu. Ba su yi mini rashin adalci ba. Da ni ne a bayan teburin haka zan yi. Likita bai sake amsa sallamata ba. Bayan wata biyar Alhaji ya rasu. Na je jana'iza na tsaya a sahun baya, na dawo.

Muka tattara zuwa Birmingham, garin da ko warin teku ba ya kaiwa. Na shekara tara ina ɗaukar kwali a sito, a nan bayana ya tafi. Amina, kin canza makaranta ana saura wata huɗu jarrabawa, ba ki sami abin da kike nema ba, kin yi shekara ba ki yi mini magana in ba gaisuwa ba. Yusufu, ka bar ƙwallo. Mahaifiyarku ta rasa ƙawayenta na shekara ashirin, ta koma sharar wani asibitin. Ban taɓa ba ku haƙuri ba, don in na ba da sai na faɗi dalili. Fitar tsuntsayen ta ci gaba shekara uku bayan tafiyata, sannan ita ma aka rufe ta tare da cibiyar. Shekara uku na saya musu da abin da ba nawa ba ne ni kaɗai. Ko ya dace ko bai dace ba, ku za ku faɗa.

Ina da shekara sittin da ɗaya na shiga ajin manya a wani ɗakin taro kusa da sito. Kun ɗauka ƙarin aiki nake yi. Hausa kuma mahaifiyarku ce ta koya mini rubuta ta, a kicin, ƙofa a ture. Da na fara haɗa baƙi na aika wa Joan kati, layi biyu. Ta amsa da ambulan. Ba wasiƙa a ciki, sai takarda ɗaya da ta yi ruwan ƙasa, da hudar ƙusa a kusurwoyinta. Takardar allon ce ta ranar. Ashe ta cire ta ajiye.

Na zauna a teburin kicin na sa yatsa. Mahaifiyarku tana yanka albasa, ta ba ni baya. Jan layin nan na ƙasa ya ci mini kusan rabin sa'a. Da na gama sai na karanta mata da ƙarfi, karo na farko a aurenmu da ni ne mai karantawa. Cewa ya yi kada kowa ya sauka daga gada, ruwa yana zagayowa ta baya, ya fi mutum sauri.

Ba ta juyo ba. Duk shekarun nan ba ta taɓa goranta mini ba, ko sau ɗaya. Ta ajiye wuƙar, ta goge ido da bayan hannu.

Ta ce, "Da ka jira Lahadi, Malam."